RUWA BA YA TSAMI BANZA

'Yan'uwana mata, matan aure da 'yan matan da ke shirin shiga ɗaki. Yau magana zan yi wadda na san ba kowa za ta yi wa daɗi ba, to amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Maganar kuwa a kan 'ya'yanmu ce, waɗanda muke kira kangararru, da marasa jin magana, da masu iska, da waɗanda muke cewa an sa musu hannu.

Ki zauna a gidan biki ko gidan suna ki saurari hirar mata in an zo kan yaron da ya gagara, za ki ji bayanin bai wuce uku ba. Ko dai a ce aljanu ne suka shafe shi, ko a ce kishiya ce ta yi masa asiri don kada ya zama wani abu, ko kuwa uwar ta taɓe baki ta ce ai halin dangin ubansa ne, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Dukkan bayanan nan uku wanke mu suke yi fes, domin babu ɗaya a cikinsu da ke tambayar me yaron nan ya gani, me ya ji, me aka yi masa tun yana goye har ya kawo yau. To ni dai cewa nake yi ruwa ba ya tsami banza. Ciwon damuwa da gurɓacewar ɗabi'a ba sa faɗo wa yaro dare ɗaya kamar aradu. A hankali ake gina su, tubali bisa tubali, kuma da yawa daga ginin nan a tsakar gidanmu ake yinsa muna kallo.

Kada wata ta ce ai wannan ciwon 'ya'yan Turawa ne da cin daɗi ya yi wa yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a duk yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata matsala ta ƙwaƙwalwa ko ta damuwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna somawa ne tun mutum bai wuce shekara 14 ba. Ki ƙirga yaran gidanku da na maƙwabta, sannan ki gaya mini ko lissafin nan ya tsallake layinku.

Ciwon nan fuska biyu gare shi, amma ɗaya kawai muke gani. Akwai yaron da ke fitar da nasa waje: faɗa, ƙarya, ɗauke-ɗauke, fashe-fashe, gudun makaranta, cin zalin ƙanne. Shi wannan kowa ya san da zamansa, don kullum sai an kawo ƙararsa. Akwai kuma wadda ke haɗiye nata, kuma sau da yawa 'ya mace ce. Ba ta magana, ba ta wasa, tana yawan kukan da ba dalili, tana firgita cikin barci, ta dawo da fitsarin kwance bayan ta daɗe da dainawa, kullum ciwon ciki ko ciwon kai, an je asibiti an auna ba a ga komai ba. Abin takaici, ita wannan yabonta ma muke yi. Sai ki ji ana cewa, "Ai wance ba ruwanta, saliha ce, inda ka ajiye ta nan za ka same ta." Haba jama'a! Yarinya 'yar shekara bakwai da ba ta guje-guje, ba ta dariya, ai abin a tsaya a bincika ne.

Zan yi adalci, domin ba komai ne laifin iyaye ba. Kowane yaro da irin halittar da Allah ya yi masa. Wani tun yana jariri mai sanyi ne, wani kuwa mai rigima. Akwai lalurar da ke sa yaro ya kasa zama wuri ɗaya, ya kasa tsayar da hankalinsa kan karatu, ya riƙa aikata abu kafin ya yi tunani, kuma binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado yana da hannu mai ƙarfi a cikinta. Irin wannan yaron ko kin karya masa tsumagiya goma ba zai natsu ba, don ba da gangan yake yi ba. Akwai kuma abin da cuta ke bari. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau, da doguwar naƙudar da jariri ya sha wuya, duk suna iya taɓa ƙwaƙwalwa su canja halin yaro. Ba mu manta da abin da ya faru a Zamfara a 2010 ba, inda aka riƙa niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje a yankunan Anka da Bukkuyum, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. Dalma in ba ta yi kisa ba tana rage kaifin ƙwaƙwalwa ta kuma lalata natsuwa, kuma har a cikin wani kwallin da muke ranɗa wa jarirai ana samunta. To amma duk waɗannan iri ne. Iri kuwa sai ya sami ƙasa yake tsira, ƙasar nan ita ce gida.

Mu fara daga goyo. A shekarun 1970 wani masani a Amurka mai suna Edward Tronick ya yi wani ɗan gwaji. Ya sa uwa ta yi wasa da jaririnta, sannan ta ɗaure fuska na ɗan lokaci, ba murmushi ba magana. Nan da nan jaririn ya shiga neman ta, ya yi mata murmushi, ya miƙa hannu, ya yi ƙara, da ya ga ba amsa sai ya kau da kai ya ɓarke da kuka. Wannan fa na 'yan mintoci ne. Me zai faru in abin ya zama na shekaru? Duniya ta ga amsar a ƙasar Romaniya bayan faɗuwar gwamnatin gurguzu a ƙarshen 1989, lokacin da aka buɗe gidajen marayu aka tarar da yara fiye da 100,000. A wasu gidajen jarirai na kwance a jere, ba mai ɗaukarsu, ba mai yi musu tawai, har sun daina kuka don sun gane kukan ba ya kawo kowa. Daga shekarar 2000 masana suka bi diddigin 136 daga cikin irin yaran nan a birnin Bukares, aka mayar da rabinsu hannun iyalai. Waɗanda suka sami uwar riƙo mai kula kafin su cika shekara biyu sun fi sauran farfaɗowa, a wajen hankali da kuma wajen shaƙuwa da mutane.

Yanzu ki zo mu duba namu. Mu ne masu kunyar ɗan fari. Yarinya ta haihu, amma don kada a ce ba ta da kara, ba za ta kira sunansa ba, ba za ta yi masa wasa a gaban mutane ba, yana kuka tana kau da kai sai wata ta ce, "Ke ɗauke shi mana." Mu ne kuma masu yaye na rana ɗaya: a shafa wa nono abu mai ɗaci, a kwashi yaro a kai shi gidan kaka, ya kwana yana neman uwarsa bai san laifin da ya yi ba. Kunya ado ce, ban musa ba, kuma kaka mai ƙauna rahama ce. Amma jariri bai san kara ba. Abin da ya sani shi ne in na yi kuka ana zuwa, ko ba a zuwa. A kan wannan amsar yake gina yardarsa da mutane. Ku kuma tuna da ita kanta mai jegon. A ƙasashe irin namu kusan mace ɗaya cikin biyar tana shiga ciwon damuwa bayan haihuwa, ta ji duniya ta yi mata baƙi, ko ɗan ba ta son gani. Maimakon a kai ta ga likita sai a ce sangarta ce, a ƙara mata da faɗa. Uwar da ke nutsewa ta yaya za ta tsamo wani?

Yaro ya fara tafiya, sai a shiga babin tsoro. Allah ya halicci jikin ɗan Adam da shirin gudun hatsari: in ya firgita zuciya ta buga, jiki ya saki wasu sinadarai irin su kotisol don ya gudu ko ya kare kansa, in hatsarin ya wuce komai ya lafa. To yaron da kullum cikin tsawa da mari yake, nasa jikin ba ya samun lafawa. Ƙwaƙwalwarsa tana girma ne a kan shirin ko-ta-kwana. Shi ne za ki ga an ɗan taɓa shi a makaranta ya kai naushi, ko malami ya ɗaga murya ya daskare ya kasa karanta abin da ya iya. Sai mu ce daƙiƙi ne, mu ƙara masa wani dukan a kan daƙiƙancin da dukan farko ya jawo.

Kuma dukan namu ma ba shi da ƙa'ida. Yau yaro ya yi birgima a ƙasa don a saya masa alewa, kin hana, ya ƙara ƙara, kin ji kunyar baƙi kin saya. Me ya koya? Ya koyi cewa in ƙaramin kuka bai yi aiki ba babba zai yi. Gobe ya yi abin nan dai, amma ya tarar Maigida ya ɓata miki rai, sai ki huce a kansa da muciya. Jibi ya zagi babbar mace, kowa ya kwashe da dariya wai ya yi wayo. Yaron nan ta ina zai gane daidai da ba daidai ba? Abin da ya gane kawai shi ne mai ƙarfi shi ke da gaskiya, kuma wannan karatun zai biya wa ƙannensa, ya biya wa matarsa in ya girma. Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yara shida cikin goma a Nijeriya suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su cika shekara 18, rabinsu ana yi musu dukan cin zali, kuma 'ya mace ɗaya cikin huɗu ana keta mata haddi. Su wa ke wannan aiki? Mafi yawa mutanen da yaran suka sani ne.

Ga kuma baki, wanda ya fi bulala daɗewa a jiki. "Ɗan banza." "Shegiya mai kama da uwarta." "Ba za ka taɓa yin albarka ba." "Ki ga ƙanwarki ta fi ki komai." Yaro ba shi da madubin da yake ganin kansa sai bakin uwarsa. In kin shekara goma kina gaya masa shi ɓarawo ne, ranar da ya yi sata ai cika miki magana ya yi. Annabi (SAW) ya hana mu yi wa 'ya'yanmu mugun baki, don kada ya dace da lokacin amsa addu'a, amma wata tun kafin ta karya kumallo ta tsine wa uku.

Sai babban rami, wato saki da kishi. Ana sakin mace da safe, da yamma an ƙwace 'ya'yan, wai ba za a kai su agolanci ba. Ba wanda zai zaunar da su ya yi musu bayani, sai su wayi gari uwa ta ɓace, wata na kwana a ɗakinta. Ƙaramin yaro kuwa in abu ya lalace a gida, kansa yake ɗora wa laifi. Wata kuma tana gidan, amma ta mayar da 'ya'yanta sojojin yaƙin kishi: kada ku ci abincin ɗakin can, ki laɓe ki jiyo mini me suke cewa. Ke da kanki kin koya wa 'yarki laɓe da ƙarya da ƙiyayya, sannan gobe ki ce an yi mata asiri? 'Yar riƙo fa? Ita ce ta farko a tashi, ta ƙarshe a kwanciya, ita ce mai cin ƙanzo. A Amurka, tsakanin 1995 da 1997, likitoci biyu, Vincent Felitti da Robert Anda, sun jagoranci tambayar manya fiye da 17,000 irin wuyar da suka sha suna yara: duka, zagi, fyaɗe, ganin ana dukan uwa, zama da mashayi a gida da makamantansu. Sakamakon da suka fara fitarwa a 1998 ya nuna cewa wanda ya haɗa iri huɗu ko fiye, hatsarin ya faɗa shaye-shaye ko ciwon damuwa ko yunƙurin kashe kansa ya ninka na wanda bai sha ko ɗaya ba sau 4 zuwa 12. Wato wuya tarawa take yi, kamar bashi.

Lokacin biyan bashin shi ne balaga. A shekarun nan jiki yana canjawa, zuciya tana tafasa, son abokai da son gwada abu suna ƙaruwa, alhali sashen gaban ƙwaƙwalwa mai taka wa mutum birki ba ya gama nuna sai wajen shekara 25. Mota ce mai gudu, birkinta bai gama haɗuwa ba. A daidai wannan lokacin ne muke ɗora wa yarinya farantin talla mu tura ta tasha da gareji, mu ce kada ta dawo da saura. A daidai lokacin ne uba ke cewa ɗa namiji ya girma, ya je ya kwana a shago. Yaron da ya taso da ƙunci a ƙirji, ranar da aboki ya miƙa masa kwalba ya sha ya ji ƙuncin ya sauka, wallahi zai koma. A ƙarshen watan Afrilun 2018 BBC ta nuna yadda maganin tari mai kodin ke cin matasa, har da na Kano, gwamnatin tarayya ta hana yinsa da shigo da shi a farkon watan Mayu. Rahoton da Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka fitar a farkon 2019 ya ce mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da miyagun ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. An hana kwalba, to wa ya hana ƙuncin da ke kai hannu ga kwalbar?

In abin ya kai nan, sai mu ɗauko maganin da ya fi cutar muni, wato gidan mari. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Wata guda bai cika ba aka buɗe irinsa a Daura. Da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Yaron da duka ya lalata, an kai shi inda za a ƙara masa duka da ɗauri, wai a gyara shi. Wuta ake kashewa da fetur?

Na san abin da wasu za su ce. Za a ce, "Mu ma ai an dake mu, ga mu nan lafiya lau." Ki tambayi zuciyarki tsakaninki da Allah. Wannan faɗuwar gaban da kike yi in Maigida ya yi gyaran murya, da wannan fushin da ke taso miki har ki jefi ɗanki da abin da ke hannunki ki dawo kina nadama, daga ina suka zo? Kuma ina sauran da aka daka tare da ke, duka ne suka tsira? Za a ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma mai tanƙwara icce a hankali yake bi, wanda ya sa ƙarfi karya shi yake yi. Za a kawo hadisin dukan yaro a kan salla in ya kai shekara goma. To ku karanta shi duka: an ce a umarce shi tun yana shekara bakwai, wato shekara uku cur ana koyarwa da lallashi, kuma malamai sun yi bayani ba duka mai rauni ba, ba kuma a fuska ba. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi (SAW) hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa yi masa ko tsaki ba. Annabi yakan taƙaita salla in ya ji kukan jariri don tausayin uwar. Da Aƙra'u ɗan Habis ya ga ya sumbaci jikansa Hasan, ya ce shi 'ya'yansa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, sai aka sanar da shi cewa marar jin ƙai ba a jin ƙansa. Mu da muke cewa Sunna muke bi, ina muka baro wannan?

Maganar aljanu kuwa, ni Musulma ce, ban musa samuwarsu ba, kuma addu'a da ruƙiyya ba su hana zuwa asibiti. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da aljani mayafin rufe ɓarna. Yarinya ta fara suma tun ranar da aka ce za a ba ta wanda ba ta so, ko ta daina magana tun da wani baƙo ya fara kwana a gidan, sai a yi ta turara mata hayaƙi ana dukan aljani a jikinta, ba wanda ya ja ta ɗaki ya ce, "'Yata, gaya mini, wa ya taɓa ki?" Sau da yawa aljanin nan yana da suna, yana da hula, kuma tare ake cin tuwo da shi.

Ku kuma iyaye maza da na san kuna karɓar littafin nan a hannun matanku kuna leƙawa, ba ku fita ba. Buhun shinkafa ba ya tarbiyya. Uban da 'ya'yansa ke watsewa in sun ji sallamarsa, wanda ke marin uwarsu a gabansu, wanda ke fifita 'ya'yan ɗaki ɗaya, shi ma magini ne a wannan mugun gini.

To mene ne abin yi? Albishirin shi ne ƙwaƙwalwar yaro tana karɓar gyara, kuma masana sun daɗe da lura cewa yaron da ya sami ko da babba ɗaya tak mai ƙaunarsa, wanda ba ya juya masa baya, ya fi jure wuya. Ki zama ke ce wannan ɗayan, ko ɗanki ne, ko ɗan kishiya, ko 'yar riƙo. Ki amsa kukan jariri. Ki sa doka kaɗan, ki tsaya a kanta yau da gobe. In ya yi daidai ki yaba a take, kada sai laifi kaɗai ne zai sa ki kula shi. In ranki ya ɓaci ki yi alwala ki zauna kafin ki yi hukunci. Ki soki aikin, ki bar yaron da mutuncinsa. In aure ya mutu, kada a kashe wa yara uwa ko uba da baki.

In kuma kin ga canji ya wuce sati biyu, yaro ya daina ci ko barci, ya janye daga mutane, karatunsa ya faɗi, yana yanka jikinsa, ko yana cewa gara ya mutu, kada ki ce yarinta ce, kada ki tsaya jiran a gama sayen turare. Maganar mutuwa ma ba a jira da ita ko kwana ɗaya. Akwai sashen likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. A watan Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba masu wannan lalura haƙƙin a kula da su cikin mutunci. Zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa ba ya nufin ɗanki mahaukaci ne. Kuma in tsoronki kada a ji a ƙi auren 'yarki, to ki sani ciwon da aka ɓoye a ɗakin uwa, a ɗakin miji yake fashewa.

Ku kuma 'yan mata, tun yanzu ake shiri. Kina duba kayan ɗaki da lefe, ki duba yadda mai neman naki yake yi da ƙannensa in sun ɓata masa rai, don haka zai yi da 'ya'yanki.

'Ya'ya amana ce, kuma za a tambaye mu. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sanyaya zukatanmu a kansu, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya, amin summa amin.